Ƙwayar ƙarƙashin harshe da ƙwayar kullum ga mai ciwon ƙirji na zuciya

Wata 'yar'uwa ta ce likita ya rubuta wa mahaifinta magani biyu saboda ciwon ƙirjin da ke kama shi idan ya yi doguwar tafiya ko ya hau bene, wanda likitoci ke kira anjaina: GTN da ake sawa a ƙarƙashin harshe, da bisoprolol da ake sha kullum. Tana tambaya ko ɗaya zai wadatar.

Malama, ɗaya ba ya maye gurbin ɗayan. Ciwon yana tasowa ne idan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya sun tsuke, har jinin da ke isa gare ta ya kasa biyan buƙatarta a lokacin wahala.

GTN na lokacin da ciwon ya taso ne. Yana buɗe jijiyoyin jini, musamman masu mayar da jini zuwa zuciya, sai nauyin da take ɗauka ya ragu cikin minti 1 zuwa 3, amma ƙarfinsa ba ya wuce kimanin minti 30. Baba ya zauna kafin ya sa shi, domin yakan kawo jiri da ciwon kai. Idan ciwon bai lafa ba bayan minti 5 sai ya ƙara ɗaya, idan aka sake minti 5 babu sauƙi kuwa, a garzaya da shi asibiti, domin wataƙila jijiyar ce ta toshe. Zafin ƙasarmu yana kashe ƙarfin ƙwayar, saboda haka a bar ta cikin kwalbarta a rufe, kada a juye ta a leda. Abin da ya fi damuna shi ne haɗa ta da Viagra, ko maganin ƙarfin maza na kasuwa da akan cakuɗa da sinadarinsa, domin jini na iya faɗuwa warwas har rai ya salwanta.

Shi kuwa bisoprolol rigakafi ne. Yana tare tasirin sinadarin adiranalin a kan zuciya, bugunta ya yi sanyi, buƙatarta ta iskar oksijin ta ragu, ciwon ya rage tasowa. Ba ya kashe ciwon da ya riga ya kama mutum, kuma barinsa farat ɗaya na iya tayar da ciwon fiye da dā, ko da Baba ya ji garau. Idan yana da asma a gaya wa likita, wanda zai iya sauya masa da amlodipine.