Jar giyar inabin Syrah: ta Faransa ko ta Ostareliya?

Syrah da Shiraz, sunan da ake kiransa da shi a Ostareliya, inabi ɗaya ne, yanayin gona da hannun mai haɗawa ne ke raba ɗanɗanonsu. Don haka kafin ka dubi farashi, dubi sunan yankin da ke jikin kwalba.

A arewacin kwarin Rhône na Faransa ana shuka shi a gangaren duwatsu masu ɗan sanyi. Giyar kan fito da barasa wajen kashi 13 cikin ɗari, da ƙamshin masoro, da bauri mai kama harshe irin na goro. Ƙamshin masoron daga sinadarin rotundone yake, wanda masu bincike a Ostareliya suka gano a 2008, kuma ya fi yawa inda zafi bai tsananta ba. Giyoyin can sunan yankinsu suke ɗauka: ta Cornas Syrah ce zalla. A Côte-Rôtie doka ta yarda a haɗa farin inabin Viognier har kashi 20, a tsima su tare, abin da ke ƙara mata ƙamshin fure. Hermitage tsada gare ta, tana kuma son ajiyar shekara 10 ko fiye kafin baurinta ya kwanta. Mai son buɗewa da wuri, Crozes-Hermitage ko Saint-Joseph sun fi masa, kuɗinsu ma da sauƙi.

Kwarin Barossa na Ostareliya zafi ne da shi. Inabi na nuna sosai, barasa ta kai kashi 14.5 zuwa 15, giyar ta yi kauri da laushi.

Gangar katakon da ake ajiye giyar a ciki kafin a zuba ta a kwalba ma abin tambaya ce. Sabuwar ganga mai lita 225 tana zuba ƙamshin katako da yawa, har ya danne na inabin idan an wuce gona da iri. Tsohuwa mai lita 600 ta fi barin inabi ya nuna kansa, mu kam ita muka fi so.

A kanti, duba toshiyar kwalba. Idan ta turo sama ko giya ta tsiyaye a wuya, zafi ya dafa ta, kada ka saya. Bayan buɗewa, warin ruɓaɓɓen ƙwai alamar ƙarancin iska ce lokacin haɗawa, Syrah kuwa ta cika yin haka; juye ta a wani mazubi na awa ɗaya, yawanci yakan tafi. Warin jiƙaƙƙen kwali daga toshiya yake, wannan ba ya gyaruwa.

A ajiye kwalba a kwance cikin sanyin digiri 12 zuwa 14, a zuba a digiri 16 zuwa 18.