Taskar Cibiyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Jami'ar Pretoria: abin da malami da ɗalibi za su samu kyauta

Duk malamin da ke koyar da haƙƙin ɗan Adam a jami'o'inmu ya san cewa ɗalibai masu himma ba su yi ƙaranci ba, littattafan da ake bugawa a Turai ne suka fi ƙarfin aljihunsu. Wannan ya sa nake yaba wa hidimar Cibiyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu, wadda aka kafa a 1986 ana tsakiyar mulkin wariyar launin fata. Maɗaba'ar littattafan shari'a ta jami'ar mai suna PULP tana sanya littattafanta a intanet kowa ya sauke ba tare da biyan ko sisi ba, haka ma mujallar shari'ar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da cibiyar ke fitarwa tun 2001.

Abin da ya fi amfanata shi ne kundin hukunce-hukuncen da suke tattarawa. A ciki ɗalibi zai karanta da idonsa yadda Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta samu gwamnatin Najeriya da laifi a 2001 kan gurɓata ƙasar Ogoni, da yadda Kotun ECOWAS ta yanke a 2008 cewa Nijar ta gaza kare Hadijatou Mani daga bauta. Idan aka karanta wa aji hukuncin Hadijatou, nan take muhawara ke kaurewa, domin ɗalibai sun san irin ƙauyukan da ake magana a kansu, sun kuma ji labarin al'adar wahaya, wato sayen mace a mai da ita ƙwarƙwara bayan matan aure huɗu, alhali misalan kotunan Turai sai malami ya sha wahalar bayani kafin su shiga kunne.

Cibiyar tana da digiri na biyu tun 2000, inda ɗalibi ke yin rabin shekara a Pretoria, sauran rabin a wata jami'ar Afirka, amma gurabe kaɗan ne.

Inda nake da ƙorafi shi ne harshe. Galibin rubuce-rubucen da Ingilishi suke, kaɗan da Faransanci, don haka ɗalibin Damagaram ko Maraɗi ba ya cin moriyarsu kamar na Kano, balle alƙalin kotun shari'a ko mai unguwa da ke sasanta rikicin aure da gado kullum. Ina fatan sassan shari'a da na Hausa a jami'o'inmu su nemi izini su fassara ko da manyan hukunce-hukuncen.