Gargaɗi Kan Wani Mai Kiran Kansa Likitan Haƙori a Birnin Katsina

Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga mutanen birnin Katsina da kewaye game da wani mutum da ya kama shago a bakin titi ta wajen Ƙofar Ƙaura, ya kafa allo mai hoton haƙori, ya sa farar riga yana amsa sunan likita, alhali sunansa ba ya cikin rajistar hukumar da doka ta ɗora wa alhakin tantance likitocin haƙori a Najeriya. Mutumin nan ya karɓi Naira 185,000 daga hannuna da sunan zai dasa wa mahaifiyata haƙora biyu na sama, kuma abin da ya bar mata shi ne kumburin da ya kusa rufe mata ido ɗaya da dasashin da ke fitar da mugunya. Ban ambaci sunansa ba saboda maganar tana hannun 'yan sanda kuma lauya ya ce in dakata, amma rasit ɗinsa, da shaidar tura kuɗi, da hoton allonsa, da saƙonnin da ya riƙa aiko mini duk suna ajiye, kuma zan sa su a nan da zarar an ba ni dama.

Tun da labarin ya bazu a dangi nake jin maganganu iri-iri, wasu a gaban idona, wasu a bayan idona. Akwai wanda ya ce wai araha ba ta ado, kamar dai neman sauƙi ne ya kai ni. Ina so duk mai wannan tunanin ya sake karanta adadin da na rubuta a sama. Naira 185,000 ba kuɗin araha ba ne a wurin mai cin fansho, kuma ba a tasha ko a kasuwa na tsinci mutumin nan yana shela da lasifika ba. Na yi shekaru ina aikin duba takardun kuɗi a ma'aikatar gwamnati, na san hatimi, na san sa hannu, na san takardar da aka yi wa kwaskwarima. Ban kai mahaifiyata wurinsa ba sai da na je ni kaɗai na ga wurin, na ga kujerar nan mai kwanciya da fitila a samanta, na ga mutanen kirki a zaune suna jiran layi, har da wani dattijo da na sani a masallacin unguwarmu wanda ya je a gyara masa haƙorin Makka.

Abin da na kasa cirewa daga raina shi ne yadda ya karɓe mu. Muna shiga ya miƙe daga kujerarsa, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya Inna, ya ƙarfin jiki?" Shi da kansa ya kama hannunta ya zaunar da ita, ya gyara mata mayafinta don kada ya taɓa ƙasa, sannan ya sa safar hannu ya ɗauko ɗan madubin nan mai dogon mariƙi. Da na tambaye shi inda ya yi karatu, bai yi gardama ba kuma bai nuna jin haushi ba. Murmushi ya yi ya ce, "Alhaji, ai tambayarka tana kan hanya, a Sudan na yi," ya nuna mini bango inda takardu uku ke rataye cikin gilashi, ya ƙara da cewa, "Yadda take mahaifiyarka haka take mahaifiyata." Na tashi na je gaban takardun na tsaya na karanta. Ina so a lura da wannan, domin masu cewa ban bincika ba ba su ga lokacin da na cire tabarau na goge na sake karantawa ba. Wane ɗa ne zai ga an durƙusa wa uwarsa haka, ga takardu a bango, ga mutane a layi, ya ce shi lallai ɗan damfara yake gani?

Ɗaya daga cikin takardun ta hukumar yi wa kamfanoni rajista ce, wato CAC, mai koren hatimi. Ta biyu shaidar halartar wani taron bita ce kan tsaftar baki. Ta ukun rabinta Larabci rabinta Turanci, da tambari mai ruwan zinariya. Duk wanda aikinsa ba na lafiya ba ne zai ga sun isa. Sai daga baya aka bayyana mini cewa takardar CAC shaida ce kawai cewa an yi wa sunan kasuwanci rajista, irin wadda mai sayar da siminti ko mai gidan burodi ke da ita, ba ta ba kowa izinin sa ƙarfe a bakin ɗan Adam ba.

Kuɗin ba a lokaci ɗaya ya karɓa ba. Ya fara da Naira 120,000, ya ce ita ce kuɗin haƙoran biyu da aikin dasawa. Daga baya ya kira ya ce akwai kayan da sai an kawo daga Kano kuma farashi ya tashi, na tura Naira 45,000. Sai Naira 20,000 ta allura da magani, wadda na ba shi hannu da hannu ranar da kumburin ya fara, ko kuma ranar da ya cire mata guntun haƙorin, domin abubuwan sun cakuɗe mini, amma rasit ɗin yana nan zai raba gardama. In an haɗa 120,000 da 45,000 da 20,000 an sami 185,000 cif. Lambar asusun da ya ba ni ba sunansa ta nuna ba, kuma na tambaya a take, ya ce asusun ƙanensa ne don nasa ya sami matsala da banki, abin da kowa ya san yana faruwa a ƙasar nan kullum.

Na tsallake maganar cire haƙorin, kuma ita ce ta riga komai. Mahaifiyata tana da giɓi ɗaya tun da daɗewa, kusa da shi kuma akwai wani haƙori da ya karye ya bar guntu. Ya ce sai an cire guntun kafin a dasa sababbi. Ya yi mata allurar kashe zafi ya shiga fama, ina zaune ina jin ƙarar ƙarfe a kan ƙashi, tana damƙe da hannun kujera, har wani abu ya ce ƙas, ya ɗago ya ce an gama. Bai ɗauki hoton haƙori ba, bai auna hawan jininta ba, bai tambayi ko tana da ciwon suga ba, ga shi kuwa ta daɗe tana shan maganinsa. Ranar da ya kira ranar dasawa, ina kallo ya zuba wani gari mai ruwan hoda a ɗan ƙaramin kofi, ya ɗiga masa wani ruwa mai warin da ke hawa kai, ya kwaɓa, ya ɗora haƙoran roba guda biyu ya liƙe su a jikin haƙoran da ke gefe, kamar mai toshe tsagar bokiti. Kayan aikinsa kuwa a cikin wata robar ruwa mai fari-fari yake tsoma su, ya goge da auduga, ya kira na gaba. A lokacin na ɗauka haka ake yi, domin ni ba ma'aikacin asibiti ba ne, kuma babu wanda aka haifa da sanin yadda ake dasa haƙori.

Da fuskarta ta kumbura zazzaɓi ya rufe ta, na kira shi ya ce alamar warkewa ce, a ci gaba da kurkure baki da ruwan gishiri. Da na ga idonta ya fara shigewa ciki sai na ɗauke ta muka tafi sashen haƙori na asibitin gwamnati. Wata matashiyar likita ce ta duba ta, kuma kafin ta taɓa bakin sai da ta tambayi ciwon suga, da hawan jini, da magungunan da take sha, ta rubuta komai a kati, ta tura mu hoto. Da hoton ya fito ta ɗaga shi ta nuna mini ta ce, "Baba, wa ya yi wa Hajiya wannan aikin?" Saiwar haƙorin tana nan a cikin ƙashi, ta karye ya bar ta, ya kuma rufe ta da roba, abinci yana shiga ƙarƙashi ba ya fita. Babu wani abu da aka dasa. Ta yi mini bayani cewa dashen gaskiya wani ɗan ƙarfe ne na musamman da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi bayan an ɗauki hoto an tabbatar ƙashin zai riƙe, sannan a jira watanni ya kama kafin a ɗora haƙori a kai, kuma mai ciwon suga sai an ga sugan ya daidaita kafin a fara. Ta ce kayan aiki a cikin tukunyar tururi ake dafa su a zafin da ya kai digiri 121, saboda ciwon hanta da cutar ƙanjamau suna bin jinin da ya maƙale a jikin ƙarfe, don haka sai an yi wa mahaifiyata gwajin jini, a kuma maimaita bayan wani lokaci. A gaban tsohuwar aka faɗi wannan, kuma ni ne na kai ta, na kuma biya Naira 185,000.

A can ne na fara jin sunan Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wadda ake kira MDCN, mai hedikwata a Abuja, wadda asalin dokarta ta 1963 ce. Likitan haƙori na gaskiya shekara shida yake yi a jami'a, irin su Jami'ar Bayero ta Kano ko ta Maiduguri ko ta Legas ko ta Ibadan, sannan hukumar ta yi masa rajistar wucin gadi, ya yi shekara ɗaya yana aiki ƙarƙashin manya a asibitin da aka amince da shi, kafin a ba shi cikakkiyar rajista da lambarsa. Bayan haka ma kowace shekara sai ya sabunta lasisinsa. Wanda ya yi karatu a ƙasar waje, Sudan ce ko Masar ko Indiya, sai ya zauna jarrabawar hukumar ya ci kafin ya taɓa majiyyaci a Najeriya. Ke nan ko da takardar Larabcin nan ta gaskiya ce, ba ta isa ba, balle ma ina shakkar ya taɓa taka ƙasar Sudan. Akwai kuma wasu ma'aikatan haƙori masu daraja waɗanda ba likitoci ba ne, masu ƙera haƙorin roba a ɗakin aiki da masu wankin haƙori, kowane rukuni da tasa hukumar rajista da iyakar abin da aka yarda ya yi. Wani maƙwabcin shagon ya ce mini a wurin irin waɗannan ne mutumin ya yi yaron shago ya ga yadda ake kwaɓa roba, daga nan ya ɗinka farar riga.

Ka'idojin aikin likita da hukumar ta shimfiɗa sun wajabta a bayyana wa majiyyaci abin da za a yi masa da haɗarinsa kafin ya amince, a ajiye bayanansa a rubuce, a tura shi gaba idan aikin ya fi ƙarfin mai yi, kuma sun hana likita tallan kansa da alkawarin warkarwa. Allon mutumin nan kuwa cewa yake yi ana dasa haƙori a rana ɗaya ba tare da zafi ba. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne, kwamitin bincike da kotun ladabtarwa na hukumar likitocin da ke cikin rajista suke hukuntawa, su dakatar da su ko su soke sunansu. Wanda bai taɓa shiga rajista ba babu sunan da za a soke masa, laifinsa na sojan gona ne, sai 'yan sanda da kotu. Wato likitan gaskiya yana da abin da yake tsoron rasawa, shi kuwa wannan ba shi da komai sai allo da kujera, waɗanda mota ɗaya za ta kwashe cikin dare zuwa Daura ko Jibiya ko Funtuwa.

Kafin in kai ƙara, bayan an kwantar da ita ke nan, na koma shagon na ce ya nuna mini lasisinsa na bana da lambar rajistarsa. Wanda ya durƙusa wa mahaifiyata, wanda ya ce yadda take uwata haka take uwarsa, shi ne ya dube ni ya ce, "Malam, ba na son hayaniya a wurin aikina." Daga Alhaji na koma Malam. Ya ce lasisin yana Abuja ana sabuntawa, da na ce ya faɗi lambar da baki sai ya ce jikin tsofaffi ne ba ya karɓar aiki, wai ba laifinsa ba ne. Daga baya ya aiko saƙo zai mayar da Naira 50,000 in bar maganar. Naira 50,000 daga cikin Naira 185,000, ban da kuɗin gado da hoto da allurai da gwajin jini da na biya a asibiti. Wannan saƙon ma yana cikin abin da zan wallafa, da kwanan watansa da lokacinsa.

Duk wanda zai taɓa muku baki, ku ce ya nuna lasisin MDCN na wannan shekarar mai ɗauke da sunansa da lambarsa, in ya fara kame-kame ku tashi. Kada ku tura kuɗi asusun da ba sunansa ba. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, layin da ake gudu ya fi abin da muka gani sauƙi. Wanda kuma ya san ya taɓa zama a kujerar mutumin nan, ya je a gwada jininsa, sannan ya nemo rasit ɗinsa ko shaidar tura kuɗi ya aiko mini ta saƙo, domin jami'in da ke riƙe da ƙarar ya ce yana buƙatar ƙarin masu shaida kafin a miƙa takardun kotu.