Satifiket na jami'a ko na ƙwararru: amsa ga mai aikin raya al'umma

Malama, ga yadda na fahimci tambayarki: kina da digirin farko, kin daɗe kina aikin raya al'umma da wata ƙungiya mai zaman kanta, ba ki da halin ajiye aiki ki tafi digiri na biyu, kuma tallan satifiket ya yi miki yawa har kin rasa wanda za ki kama. A ganina takardu iri biyu ne a gabanki, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Na farko shi ne satifiket na gaba da digiri wanda jami'a ke bayarwa. Wannan hawan farko ne na benen digiri na biyu. A Ingila digiri na biyu kiredit 180 ne, difloma 120, satifiket ɗin da suke kira PGCert kuma 60. Kowane kiredit ana lissafa shi awa 10 na karatu, wato awa 600 ke nan. Ki raba su a shekara guda, za ki ga wajen awa 12 ne duk mako, bayan kin taso daga aiki a gajiye. A Amurka yawanci kwas huɗu zuwa shida ne, kiredit 12 zuwa 18, amma ma'auninsu daban yake da na Ingila, kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ki. A Ostireliya wata shida ne ga wanda ba ya haɗa karatu da aiki.

Me ake koya a ciki? Jami'o'in Amurka irin su Penn State da Kansas State suna da irin wannan karatu ta intanet a fannin ci gaban al'umma, kuma abin da fannin ya fi ba da ƙarfi a kai shi ne yadda ma'aikaci zai kalli al'umma. Akwai tsarin Cornelia Flora da Jan Flora da ya kasa arzikin al'umma gida bakwai: albarkatun ƙasa, al'ada, ilimi da lafiyar mutane, zumuncin da ke tsakaninsu, faɗa a ji a siyasa, kuɗi, da gine-gine. Akwai kuma hanyar da John McKnight da John Kretzmann suka shimfiɗa a 1993, cewa a fara da abin da mutane ke da shi kafin a lissafa abin da suka rasa. A aikace, maimakon ki shiga taro da takardar "mene ne matsalolinku", sai ki zauna da mutane ku rubuta ungozomar da ke unguwar, da malamin da ya yi ritaya yana zaune ba aiki, da ƙungiyar matasa, da filin da aka bari fayau. Mai shekaru a fagen aiki irinki ta san rabin wannan tun tuni, karatun zai ba ki hujjar da za ki kare shi a gaban masu ba da tallafi.

Na biyu shi ne satifiket na ƙwararru. Misalin da ya fi yawo a hannun ma'aikatan ƙungiyoyi shi ne Project DPro, wanda a da ake kira PMD Pro, na ƙungiyar PM4NGOs. Ba a neman digiri, littafi ne za ki karanta ki zauna jarrabawa, cikin 'yan makonni an gama. Jadawalin aiki, kasafin kuɗi, rajistar haɗurran da ka iya kawo wa aiki cikas, bibiya da tantancewa: abin da za ki buɗe kwamfuta ki yi amfani da shi washegari. Sai dai ba kiredit ɗin jami'a ba ne, ba zai rage miki ko kwas ɗaya ba ranar da kika nemi digiri na biyu. Cibiyar Coady da ke Kanada, wadda aka kafa a 1959, ita ma tana da gajerun kwasa-kwasai na shugabancin al'umma, kuma gogewar mai nema take dubawa sosai.

Akwai wani a tsakiya, MicroMasters, jerin kwasa-kwasan intanet na jami'ar MIT da ke Amurka, kan alƙaluma da tattalin arziki da tsara manufofi, wanda Esther Duflo da Abhijit Banerjee, masu kyautar Nobel ta 2019, ke cikin malamansa. Kowa na iya shiga, wanda ya ci jarrabawarsa kuma yana iya neman digiri na biyu a can. Amma lissafi da ƙididdiga sun yi yawa a cikinsa. In ba ɓangaren bincike da auna tasirin ayyuka kika nufa ba, ban ba ki shawararsa ba.

Ni dai, in abin da ke ci miki tuwo a ƙwarya shi ne rahoto da kasafi da wa'adin masu tallafi, ɗauki na ƙwararru, ya fi sauƙi da sauri. In kuwa kujerar da kike hange ana rubuta "digiri na biyu" a sharuɗɗanta, na jami'a ne hanyarki, da sharaɗin kiredit ɗinsa zai bi ki. Wanda ke neman tallafin karatu kuma ya lura, Chevening, wato tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, digiri na biyu na shekara ɗaya take ɗaukar nauyi, ba satifiket ba.

Kafin ki biya ko sisi, ki rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai, su amsa miki a rubuce. Kiredit ɗin zai shiga cikin digirinsu na biyu gaba ɗaya ko wani ɓangare? Maki nawa ake so ki samu? Shekara nawa yake yi kafin ya daina ƙirguwa? Jami'o'i da yawa suna sa wa'adi, kuma wata jami'ar ba dole ba ne ta karɓi na wata. Ki kuma tambaya ko ana gyara aiki a ba da maki, domin takardar da aka ba ki don kin halarta kawai shaidar halarta ce, komai kyan hatimin da ke kanta.