Raba gardama a wajen kotu: akwai sauri, amma wata uku ne kawai

'Yan kwangila da manyan 'yan kasuwar Kaduna, musamman masu hulɗa da kamfanonin Kakuri, sun fara saba ganin wani sharaɗi a takardun yarjejeniya: in rigima ta taso, za a kai ta gaban mai raba gardama, ba kotu ba. Ta fuskar sauri da rufin asiri, hidimar ta cancanci yabo. Ba a yawan ɗage zama, kuma maƙwabcinka na kasuwa ba zai ji nawa ake binka ba. Sauƙin kuɗi kam babu, domin ku za ku biya mai hukuncin, ku biya lauyoyi.

Inda take cizo shi ne bayan an yanke hukunci. A wasu jihohin Amurka, wanda bai gamsu da hukuncin mai raba gardamar da kotu ta tura shi wajensa ba yana iya neman a sake shari'a daga farko: kwana 60 a Kalifoniya, kwana 30 a Niyu Jazi. A Najeriya babu wannan ƙofar. Dokar raba gardama da sulhu ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, soke hukunci kawai ta yarda a nema a kotu, a sashe na 55, cikin wata uku daga ranar da hukuncin ya shiga hannunka. Ranar karɓa ake ƙirgawa, ba ranar da aka sa hannu ba. Dalilan ma ƙalilan ne, misali: ba a sanar da kai zaman ba, ko an hana ka kare kanka, ko mai hukuncin ya tsallake abin da aka kai masa. "Bai fahimci lissafina ba" ba dalili ba ne. Kuskuren lissafi ko na rubutu, wajen mai hukuncin ake komawa cikin kwana 30.

Nan ake gane lauyan ƙwarai. Abin da zai fara tambaya shi ne takardar da ɗan aike ya sa aka sa wa hannu, ko ranar da imel ya shigo. Sau da yawa maigadi ko yaron shago ne ya karɓa, ambulan ya yi sati biyu a durowa, alhali kwanaki na tafiya.

Shigar da ƙara ma rabin aiki ne. Sai masinjan kotu ya kai wa abokin shari'a takardun, ya yi takardar rantsuwa cewa ya kai. In mutumin yana ɓuya, sai an nemi izinin alƙali kafin a manna a ƙofarsa. In kuma a Kano ko Legas yake, takardar babbar kotun jiha na buƙatar rubutu na musamman a jikinta kafin ta tsallaka iyaka, kuma mantawa da shi na iya rusa aikin.

Sashe na 56 ya ba da damar kafa kwamitin sake duba hukunci, amma sai ɓangarorin biyu sun amince da hakan a rubuce. Lauyan da ya tsara maka yarjejeniya bai ambaci wannan ba, ka tambaye shi dalili kafin ka sa hannu.