Repetar ko ruta mai banda biyu? Ga wadda za ka saya

Ɗan uwa, tunda ka ce da safe wifinka na gudu, sai bayan isha'i ya kwanta, bar maganar sayen repetar, wato na'urar da ke maimaita wifi don ya kai nesa. Sayi ruta, akwatin da ke raba wifi a gida, mai banda biyu, wato wadda ke aika wifi ta zango biyu, 2,4 GHz da 5 GHz.

Haka na sha fama a Yantala. Wata da watanni ina ɗora wa masu ba ni intanet laifi, ashe matsalar a kartiye take. Ƙanena ya sa mini WiFi Analyzer, manhajar da ke nuna wifin da ke kusa, a salula, muka tsaya tsakar gida, sai ga wifin maƙwabta jere reras, har da na masu saida tikitin wifi a bakin titi, galibinsu kan kanal 6, inda nawa yake (kanal shi ne layin da wifi ke bi cikin banda). A 2,4 kanal uku ne kaɗai ba sa taka juna: 1, 6 da 11. Duk rutocin da suka haɗu kan kanal guda, sai ɗaya ta yi shiru ɗaya ke magana, kuma da dare ne kowa ke dawowa gida ya buɗe bidiyo. Muka koma kanal 11, muka ajiye faɗinsa a 20 MHz, aka ɗan samu sauƙi.

Amma ranar da na kunna 5 GHz ne na huta. Fili fetal, kusan ni kaɗai. A daren nan Inna ta yi awa guda tana hira da yayana na Abijan, hoto bai tsaya ba ko sau ɗaya, har ta ce ko ya matso kusa ne. Aibin 5 GHz, ba ta son bango: ta ƙetare na siminti biyu, ƙarfinta ya tafi. Saboda haka rataye rutar sama, tsakiyar gida.

Repetar kuwa, ina da ita cikin kwali. Tana kai rezo nesa, ban hana ba, sai dai mai araha kan kanal ɗin naka take maimaitawa, ta cinye kusan rabin gudun.

In ka shiga kasuwa sayen ruta, kar yawan eriya ya ruɗe ka. Akwai masu ce maka "wannan 5G ce" alhali ko 5 GHz babu ciki, kuma abu biyu ne daban: 5G rezon salula ne, 5 GHz kuwa bandar wifi ce. Juya ƙasanta ka karanta: in an rubuta AC1200 ko AX, ɗauka; in N300 ce, ajiye, 2,4 kaɗai gare ta. Sa mai kanti ya jona ta a gabanka, ka ga 5 GHz ta fito a salularka kafin ka miƙa kuɗi.