Ƙyallayen bargo da ƴan tsanar gwanjo daga wata mai sayarwa a Zango

Masu ɗinkin bargon ƙyallaye a Damagaram sun san Hajiyar nan ta unguwar Zango da ke tallata hajarta a WhatsApp, wadda take saro ƙyallaye da kayan gwanjo daga Kano, saboda haka babu buƙatar in ambaci sunanta. A farkon hunturun da ya wuce na sayi abu biyu a hannunta: ƙunshin ƙyallaye da aka riga aka yanka murabba'i, kowanne santimita 10, da kuma ƴan tsana na gwanjo da ta ware daga cikin dila. Zan fara da ƴan tsanar, domin su ne dalilin da ya sa har yanzu lambarta take cikin wayata.

Yawancin ƴan tsanar da na tara na gida ne: ƴan tsanar kara, da na ƙashi waɗanda iyayenmu suke yi wa kitso da zare su rataya musu duwatsu, da ƴan kaɗan na yumɓu da nake samowa wajen masu ginin tukwane a Mirya. Na roba na ƙasashen waje ba su da yawa a wurina, domin waɗanda ake zubawa a tire lokacin sallah hannayensu suna ɓallewa tun kafin a iso gida. A cikin kayan Hajiya kuwa na tarar da Barbie ta ainihi, da tambarin Mattel, kamfanin da ke ƙera ta, a ƙeyarta, gashinta cikakke, gwiwarta tana lanƙwasuwa da ƴar ƙara kamar yadda ya kamata. Hajiya ta nuna mini lambar 1966 da ke bayanta, ta ce shekarar da aka ƙera ta ke nan, ta kuma ɗora kuɗi a kan haka. Na bayyana mata cewa wannan lamba shekarar rajistar siffar jikin ce, an kuma ci gaba da buga ta a jikin ƴan tsana shekaru masu yawa bayan nan. Ga shi ma an rubuta Malesiya a jikinta, alhali Barbie ta fara fitowa a 1959 kuma na farkon a Japan aka yi su. Ta yi dariya ta ce, “To Malama, ke ce kika san ƴaƴanki,” ta rage kuɗin ba tare da gardama ba. A ranar na yaba da halinta ƙwarai, har na tura wa ƙawayena biyu lambarta.

Ƙyallayen ne suka ɓata komai. Bargon da nake haɗawa ba na yau da kullum ba ne, domin fuskarsa ragowar atamfofin tunawa ce da na daɗe ina ajiyewa: na ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar da ake tunawa da tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991, da na bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar, musamman na 2018 lokacin da aka yi bikin a nan garin da sunan Zinder Sabuwa. Irin waɗannan atamfofi ba a sake buga su, wanda ya rasa ya rasa ke nan. Wasu nawa ne, wasu na roƙo wajen dangi, ɗaya kuma ragowar zanen yayata ce. Da yake rubutu da zane sun yi musu yawa, sai na ga suna buƙatar ƙyallaye marasa zane, ja da kore, da za su kewaye kowane gida, wato kowane yankin atamfa, domin ido ya huta.

Wanda ya taɓa wannan ɗinki ya san dalilin da ake biyan ƙarin kuɗi a sayi yankakken ƙyalle wanda aka riga aka wanke. Idan yadi yana ɗanye, a dunƙule ake wanke shi, ya zubar da abin da zai zubar, ya shige iyakar shigewarsa, sannan a goge a yanka. Ƙananan yanka kuwa idan suka shiga ruwa bakinsu zarewa yake yi, awonsu ya ɓaci, kusurwoyi su ƙi haɗuwa. Wannan aikin na wanki kafin yanka shi ne ainihin abin da na saya. Na tambaye ta baki da baki, ta ce da hannunta ta wanke, ta kuma ba ni samfuri na goga shi da jiƙaƙƙen farin ƙyalle a gabanta, bai bar ko alama ba.

Na haɗa fuskar da keke, na shimfiɗa auduga a tsakiya, na sa shafi a baya, sannan na bi dukan bargon da ɗinkin hannu layi-layi domin kada audugar ta dunƙule. Wannan matakin shi ne mai cin ido da yatsa, kuma yawancinsa da dare na yi shi. Da na gama na sa shi a ruwan sanyi da sabulu mai laushi domin cire ƙurar hunturu da alamar allin da na zana. Kafin in juya shi ruwan bahon ya koma kalar zoɓo. Na ciro shi da sauri, amma jan ya riga ya bi zare ya shiga farin da ke jikin atamfar Zinder Sabuwa, ya mai da rubutun wani ruwan hoda mai datti, ya kuma ratsa audugar har ya fito ta shafin baya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba dukan jajayen ne suka zuba ba. Da suka jiƙe sai bambancin ya fito fili: wasu auduga ce mai kauri irin samfurin da ta nuna mini, wasu kuwa yadi ne mara nauyi mai sheƙi wanda aka cusa a tsakiyar ƙunshin. A bushe launinsu ɗaya ne sak.

Duk mazaunin Damagaram ya san abin da ake nufi da ɗauraye bargo mai auduga sau da yawa a garin da ruwa yake da tsada. Kuɗin da na ba ƴan garuwa ya kusa kai kuɗin ƙyallayen, tabon kuma ya dusashe ne kawai, bai fita ba.

Na aika mata hotuna. Amsarta ta farko ita ce wataƙila ruwan zafi na yi amfani da shi. Ta biyu ita ce in jiƙa shi da gishiri, abin da ba ya cire rinin da ya riga ya kama wani yadi. Sai da na kai mata bargon har gida na shimfiɗa a tsakar gidanta sannan ta ce jan ya ƙare mata ne, ta aiki yaro kasuwa ya ciko, ba ta kuma tsaya wankewa ba saboda ina sauri. Ban taɓa ce mata ina sauri ba. Ta ce, “Ki yi haƙuri Malama, tsautsayi ne,” ta miƙo mini wata ƴar tsana a matsayin ban haƙuri. Haƙurin na karɓa, ƴar tsanar na bar mata, domin abin da ya lalace ba a sayar da shi a Zango balle a Kano, kuma kuɗin wankin da ba a yi ba ko zancensa ba ta tayar ba.

Bayan haka ne ma na koma na sake duba ƴan tsanar da kyau, na ga ɗaya an liƙe wuyanta da gam an rufe wurin da kwalar riga, abin da ba a faɗa mini ba lokacin ciniki. Barbie ɗin dai lafiyarta ƙalau, ba zan hana ta haƙƙinta a nan ba. Ƙawayen da na tura wa lambarta na kira su na shaida musu cewa ƴan tsana a je a duba da ido, a tuɓe musu riga kafin a biya, ƙyalle kuwa kada su saya yankakke. Yanzu ina farke jajayen ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya fi ɗinkin wuya tunda ɗinkin hannun ya bi ta kansu, na kuma sayo jan yadi a Kasuwar Dole ranar Alhamis na wanke da kaina. Gidaje huɗu na atamfar 2018 ba za su gyaru ba, kuma har yanzu ina cigiyar wanda yake da ragowarta.